Da wa muka riƙe amana lokacin da fim ya ba dijital wuri?

Dattijo Mai Fim:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a da masu sha'awa. Jiya ina kakkaɓe tsohon akwatin kayan aikina sai na ci karo da gilasan kyamara guda huɗu, waɗanda na yi shekara goma sha biyar ina neman abinci da su, kowanne a naɗe cikin ƙyallensa kamar yadda na ajiye shi. Na ɗaga ɗaya na duba shi a hasken taga, garau yake, zoben saitinsa, wanda ake murzawa hoto ya fito ƙal, yana juyawa sumul, amma babu ko kyamara ɗaya a hannuna yau da zai hau bakinta. Ba zan ambaci kamfanin ba, domin ba ƙara na kawo ba. Tambaya na kawo. A shekarun da dijital ta ture fim, kusan duk wanda na sani a wannan sana'a kamfanin da yake tare da shi tun zamanin fim ya bi, har ya riƙa kare shi a gaban jama'a kamar danginsa ne. Mun kira abin amana. Yanzu da na tsufa ina tambayar kaina ko amana ce da gaske, ko kuwa ɗaurarru ne mu, muka raɗa wa igiyar suna mai daɗi.

Mai Gyaran Kyamara:
Wa alaikumus salam, Baba. Ni da nake buɗe cikinsu kullum, amsata a taƙaice ita ce igiya ce, kuma sunan igiyar bakin kyamara, wato zoben ƙarfen da gilashi yake hawa ya kulle. Mutumin da ya tara gilasai biyar ko shida, da filasha, da sauran tarkace, ya zuba dukiyar da ta ninka kuɗin jikin kyamarar, don haka ranar da zai sayi ta dijital tambayarsa ta farko ita ce wace ce za ta karɓi gilasansa.

Nikon ta fito da bakin F a 1959, ta riƙe shi har ta shiga dijital da shi, shi ya sa da kyamararta ta dijital D1 ta fito a 1999 mai gilasan Nikon bai yi asarar komai ba, ya cire daga ta fim ya ɗaura a sabuwa. Canon kuwa ta riga ta yanke tata igiyar tun 1987, lokacin da ta bar bakin FD ta kawo EF tare da kyamarar EOS 650. Gilasan FD ba sa hawa EF kai tsaye, saboda tazarar da ke tsakanin baki da fim a FD milimita 42 ce, a EF kuma 44, sai an sa adafta mai wani gilashi a ciki, wanda sau da yawa yake rage kyan hoto. Mutane da yawa sun fusata a lokacin. Amma wannan yankan ne ya ba ta baki mai faɗi wanda kyamara da gilashi suke magana ta lantarki zalla, da motar saiti, wato ɗan injin da ke juya saiti, a cikin gilashin kansa, kuma da dijital ta zo sai ta same ta a shirye. Minolta ma haka ta yi a 1985 da samfurin 7000, ta bar tsohon bakinta ta kawo bakin A mai saita kansa.

Tsohon Ɗan Jarida:
Malam mai gyara, bayaninka daidai ne, amma shi da kansa ya nuna cewa igiyar tana tsinkewa. A zamanin kyamarar fim ta Nikon F3 kusan duk inda 'yan jarida suka taru Nikon ce a wuyansu. Bayan fitowar EOS-1 ta Canon a 1989, cikin 'yan shekaru gefen filayen wasanni ya cika da fararen dogayen gilasan Canon, saboda saurin saitinsu. Waɗannan mutane sun fi kowa tara gilasai masu tsada, amma suka sauya, domin wanda hotonsa ya fito dishi-dishi a lokacin da aka jefa ƙwallo a raga babu editan da zai tambaye shi tarihin amanarsa. Sannan da Nikon ta fito da D3 a 2007, mai iya ɗaukar hoto mai tsabta cikin ƙarancin haske, wasu daga cikinsu suka sake komawa. Mu a aikin jarida agogo muke wa biyayya. Shi ya sa ma muka riga kowa shiga dijital, tun tana da muni. Kyamarar NC2000 da Kodak ta haɗa tare da kamfanin dillancin labarai na Associated Press a 1994 megafiksel 1.3 kawai take da shi, fim ya fi ta kyau nesa ba kusa ba, amma ta kawar da wanki da jiran negatif ya bushe, kuma wannan ya isa.

Hajiya Mai Situdiyo:
Ina gaishe da Baba da sauran malamai. Ina so in ɗan ja da maganar cewa wanda kamfaninsa bai sauya baki ba bai yi asarar komai ba. Gilashi ya hau, gaskiya ne, amma ba hoton da muka saba ya ba mu ba. Firam ɗin fim ɗin milimita 35 faɗinsa 36 ne, tsayinsa 24, alhali sensa, wato ɗan farantin lantarki da ke karɓar haske a madadin fim, a yawancin kyamarorin dijital na farko ta fi haka ƙanƙanta, tana yanke gefen abin da gilashi ya kawo, sai kowane gilashi ya zama kamar an ƙara masa tsawo da rabi ko ɗan fiye.

Ba zan manta aikina na farko da ta dijital ba. Hoton taron mutane ne, sun haura talatin, a cikin ɗakin da na sha ɗaukar irin wannan hoto da gilashina mai milimita 28. Na jera su sahu uku kamar kullum, na tsaya inda na saba tsayawa, na leƙa, sai na ga mutum uku na dama da uku na hagu babu su. Na ja da baya har ƙeyata ta bugi bango, duk da haka kafaɗar na ƙarshe a waje take. Gilashin nan ya koma kamar mai milimita 42 ban ankara ba. Dole na ce su matsu, na mai da su sahu huɗu, ina murmushi ina gumi. Washegari na fara neman sabon gilashi mai faɗi. To ina amfanin cewa ban sauya kamfani ba, tunda sai da na sake sayen gilashi? A ranar da na gane haka, da na so sauyawa da na sauya, amma ko a raina ban kawo ba. Saboda haka akwai wani abu bayan lissafin kuɗi.

Dattijo Mai Fim:
Hajiya, kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Mene ne wannan abin, a ganinki?

Hajiya Mai Situdiyo:
Hannu ne, Baba. Yatsuna sun san inda kowane maɓalli yake ba tare da na ɗauke ido daga mutumin da nake ɗauka ba. Kowa a nan ya san cewa zoben saiti na gilasan Nikon ɓangaren da yake juyawa daban ne da na Canon, haka ma wajen ɗaura gilashi a baki. Wanda ya shekara ashirin yana murzawa hagu, ranar da ya ari ta wani ya murza, hoton ƙara dushewa zai yi a daidai lokacin da yaro ya yi dariyar da ake jira. An ce sabo turken wawa, amma a wannan sana'a sabo jari ne, domin daƙiƙa ɗaya ce tsakanin hoto da rashinsa. Lokacin da komai yake sauyawa, ga kwamfuta da ba mu iya ba, ga katin memori, ga batir da ke mutuwa da rana tsaka, mutum yana so aƙalla abu ɗaya ya zauna yadda ya san shi.

Ɗalibar Hoto:
Ina neman afuwar manya, ni da dijital na fara, fim kuwa sau biyu kawai na taɓa sa shi a kyamara. Abin da yake ɗaure mini kai shi ne Kodak. Mun karanta cewa injiniyanta Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, wadda take ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset, kuma Kodak ɗin ce ta fito da DCS ta farko, kyamarar dijital ta ƙwararru, a 1991. Idan har amana tana da ƙarfin da ake faɗi, babu sunan da ya kai nata shiga gidajen mutane, to me ya sa masu amanarta ba su cece ta ba har ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a 2012?

Mai Gyaran Kyamara:
Tambayarki ta fi duk amsoshinmu, ƙanwata. DCS ɗin da kika ambata a jikin Nikon F3 aka gina ta, daga baya kuma Kodak ta yi wasu a jikin Canon. Ma'ana ita ce ta kawo sensa, amma baki na wasu ne, don haka duk ƙwararren da ya saye ta gilasan Nikon ko na Canon ya ci gaba da tarawa. Da waɗannan kamfanoni biyu suka fara yin nasu da kansu, Nikon da D1, Canon da D30 a 2000, babu abin da ya rage da zai riƙe mutum a wurin Kodak. Ribarta kuwa dama a fim da takarda da sinadarin wanki take, abubuwan da ake saye a ƙarar a sake saye, kuma dijital ta kashe wannan sake sayen.

Tsohon Ɗan Jarida:
Wannan ya tuna mini da abin da muke mantawa, kuma ina ganin shi ne zuciyar tambayar Baba. A zamanin fim amanarmu a rabe take gida biyu. Kyamara akwati ce mai hana haske shiga sai an ba shi izini, launi da yanayin hoto kuwa daga fim suke fitowa. Mutum biyu, ɗaya da Pentax ɗaya da Olympus, idan suka sa fim ɗin Kodachrome na Kodak iri ɗaya, hotunansu sun fi kama da juna fiye da na mutum ɗaya da ya ɗauki rabin aiki da Kodachrome rabi da Velvia na Fuji. Gardamar da na fi tunawa a ɗakin duhu ta fim ce: wane ne ya fi fitar da fatar mutum, wane ne yake zuzuta kore, wane ne yake jure a tura shi, wato a ƙara masa lokacin wanki, idan haske ya yi ƙaranci. Kuma sauya fim ba ya cin komai, ka ƙarar da ɗauka 36 ka sa wani.

Da dijital ta zo, sai fim ya koma cikin kyamara ya zauna dindindin. Sensa da lissafin launin da kamfani ya dasa a ciki su ne suka gaji aikin Kodak da Fuji da Agfa. Wannan ne ya sa gardamar kamfanoni ta yi zafin da ba ta taɓa yi ba, domin a da idan an kushe kyamararka an kushe akwatinka ne kawai, yanzu kuwa an kushe launin aikinka gaba ɗaya. Haka kuma kyamarar fim ta ƙwararru takan yi shekara goma ana aiki da ita, tunda duk sabon fim da ya fito ita ma ta samu ci gaba, amma ta dijital cikin shekara uku an wuce ta. Mutumin da a da yake zaɓen kamfani sau ɗaya a shekara goma ya koma yana sabunta mubaya'a kowace shekara biyu ko uku, kuma duk sabuntawa sai ya nemi hujjar da zai gamsar da kansa.

Dattijo Mai Fim:
Wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba, kuma na yarda da shi. Ni kaina da aka daina yin Kodachrome a 2009 na ji abin a raina fiye da ranar da na ajiye kyamarata ta fim, alhali ban fi a ƙirga da yatsu ba lokutan da na yi aiki da shi, saboda wahalar wankinsa. Amma ina da ƙari. Muna ta maganar manyan biyu, mun bar waɗanda suka riƙe amana suka wayi gari babu wanda za su riƙe wa. Su fa?

Mai Gyaran Kyamara:
Su ne suka fi yawa a bencina, Baba. Kowane rukuni da irin ƙaddararsa. Masu Contax sun ga kamfaninsu ya riga kowa fitar da kyamara mai sensa cikakkiya girman firam ɗin fim, wato N Digital a 2002, amma ba ta karɓu ba, kuma a 2005 Kyocera, mai ƙera Contax, ta rufe harkar gaba ɗaya. Masu Minolta sun ga an haɗe ta da Konica a 2003, sannan a farkon 2006 aka sanar da barin harkar kyamara aka miƙa wa Sony. Su dai sun yi sa'a, domin Sony ta riƙe bakin A, ta fito da A100 a shekarar, tsofaffin gilasansu suka ci gaba da aiki, sai dai sunan da ke goshin kyamarar ya zama na kamfanin da suka sani da rediyo da talabijin. Na ga waɗanda suka ƙi saye saboda sunan kawai, ko da yake injiniyoyin da suka saba da aikinsu da yawa can suka koma. Wannan kam amanar suna ce tsantsa, kuma ban ga abin da ta amfana musu ba.

Olympus ta bar tsarin OM ta fara sabo fil da E-1 a 2003, a kan tsarin Four Thirds mai sabon baki. Pentax ta riƙe bakin K na 1975 ta shiga dijital da shi a 2003, amma masu ita sun jira har 2016 kafin su samu K-1 mai cikakkiyar sensa, bayan kamfanin ya ratsa hannun Hoya ya faɗa na Ricoh. Masu Leica kuwa sai 2006 suka samu M8, wadda aka gano tana mai da baƙin yadin roba ya koma ruwan hoda mai duhu saboda hasken da ido ba ya gani, har kamfanin ya raba musu matatar da ake ɗaurawa a gaban gilashi. Duk da haka yawancinsu ba su gudu ba, suka jira M9 a 2009.

Hajiya Mai Situdiyo:
Malam, ka tsallake wani abu game da masu Nikon ɗin ma. Shekarun da ke tsakanin 2002 da 2007 ba su yi musu daɗi ba. Canon ta fito da 1Ds mai cikakkiyar sensa a 2002, ta biyo da 5D a 2005, wadda masu situdiyo da masu ɗaukar biki suka iya kaiwa gare ta, alhali Nikon ba ta da irinta sai D3. A waɗannan shekaru na ji mutane suna rantsuwa cewa ƙaramar sensa ta wadatar, cikakkiya almubazzaranci ce, amma da D700 ta fito a 2008 su ne a sahun gaba wajen saye. Ban ga laifinsu ba. Abin da na lura kawai shi ne yawancin hujjojin da muke kafawa a irin wannan gardama bayan mun riga mun saya muke nemo su.

Mai Gyaran Kyamara:
Haka ne, Hajiya, kuma ko riƙon bakin F ɗin ma ba cikakke ba ne kamar yadda ake faɗa. Nikon D40 ta 2006 ba ta da motar saiti a jikinta, don haka tsofaffin gilasan da jikin kyamara ke juya su da sukurin baki sun hau amma ba sa saita kansu. Gilasan Nikon samfurin G kuma an cire musu zoben ƙofar haske, mai rage ko ƙara hasken da ke shiga, wanda ya sa ba su da amfani sosai a tsofaffin kyamarorin fim na hannu. Canon ma ta kawo gilasan EF-S waɗanda ba sa hawa kyamarorinta masu cikakkiyar sensa. Kowane kamfani yana riƙe abin da ya ga zai amfane shi, yana sakin abin da ya yi masa nauyi, kuma a Janairun 2006 Nikon da kanta ta sanar da daina yawancin kyamarorinta na fim, ta bar F6 da FM10 kawai.

Ɗalibar Hoto:
To idan na fahimta, mu da muka zo daga baya mun gaji gardamar ba tare da mun gaji dalilinta ba. Malamin da ya fara koya mini ya ce in sayi irin tasa don in riƙa aron gilasansa, na saya, kuma cikin wata shida na sami kaina ina musu da abokan karatuna a kan kamfanin da ban san komai game da tarihinsa ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Fujifilm, wadda ta mayar da sunayen fina-finanta irin su Velvia da Provia zaɓin launi a cikin kyamara, har waɗanda ba su taɓa riƙe fim ba suna cewa sun fi son wannan a kan wancan.

Tsohon Ɗan Jarida:
'Yata, wannan shi ne abin da nake faɗi, su sun gane cewa rabin amanar mutane a wurin fim take, suka ɗauko ta suka sa a inda za a iya sayar da ita. Aron gilashi da kika ambata kuma ba ƙaramin dalili ba ne. A ofishin jarida ma ɗakin ajiyar kaya ne yake zaɓa wa sabon ma'aikaci kamfani, tunda dogon gilashin da ake rabawa ba zai hau bakin da ba nasa ba. Inda zan saɓa da Malam mai gyara shi ne kiran abin igiya kawai. Na yi shekara tara da kyamara ɗaya wadda ruwan sama ya doke ta, ta faɗi daga kan tebur, ƙura ta shige ta, ba ta taɓa ƙin ɗauka ba. Da na je sayen ta dijital, wannan shekara tara ita ce kaɗai shaidar da nake da ita a kan kowane kamfani, kuma ban ga wautar wanda ya yi aiki da shaidar da ke hannunsa ba, ko da daga baya ta bayyana cewa iya ƙera ƙarfe da iya ƙera sensa ba ilimi ɗaya ba ne.

Mai Gyaran Kyamara:
Na karɓi gyaran, Malam. Baba, kafin in manta, gilasanka huɗu ba su mutu ba. Kyamarorin dijital na yanzu marasa madubi a ciki sun matso da sensa kusa da baki ƙwarai, tazarar a Sony E milimita 18 ce, a Nikon Z 16, a Canon RF 20, don haka kusan kowane tsohon gilashin hannu yana hawa da adafta wadda bututun ƙarfe ce kawai, babu wani gilashi a cikinta. Za ka saita da hannu, ka buɗe ƙofar haske da zobenta, kamar yadda ka saba. Ka dai haska tocila ta bayansu tukuna ka duba ko akwai farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo a ciki, domin fumfuna ce, kuma idan ta daɗe tana cin rufin gilashin.

Dattijo Mai Fim:
Na haska yanzun nan. Uku garau suke, na huɗun, mai milimita 135, akwai ɗan zare a gefe ɗaya wanda bai kai tsakiya ba. Malam, wannan yana gyaruwa, ko in haƙura da shi? Kuma Hajiya, idan na ɗaura nawa mai milimita 28 a kan mai cikakkiyar sensa, ina fatan 28 ɗin zai ba ni, ba sai ƙeyata ta nemi bango ba.

Hajiya Mai Situdiyo:
Cif 28 zai ba ka, Baba. Idan ka gwada, ka turo mana hoton farko mu gani.